Me ke tayar da Baba cikin dare?

Idan dattijo mai ciwon suga ya ce ba ya samun barci, abin da 'ya'yansa suka fi ce masa shi ne, "Ai tsufa ne, Baba." Mai zafin nama a cikinsu kuma ya garzaya kemis ya sayo ƙwayar barci. Ƙwayar nan ni tsoronta nake. Tana sa jiri, tsoho ya tashi fitsari cikin duhu ya faɗi ya karya ƙugu, kuma tana iya danne shi har suga ya yi ƙasa bai farka ba.

A zauna a tambaye shi abin da ke tayar da shi. Galibi fitsari ne. Idan suga ya haura wajen 180 a na'urar gwaji, ƙoda takan fara zubar da shi, shi kuma ya ja ruwa ya tafi da shi. To wanda ya cika ciki da tuwon shinkafa bayan Isha'i, ya bi da shayi mai kauri, ya haye gado, ina shi ina barci? A dawo da abincin dare kusa da Magariba, malmala ta ragu, ganye ya ƙaru, sannan ya taka minti 10 zuwa 15. Zuwa masallaci da dawowa ma tafiya ce. Ruwa ya sha sosai da rana, da dare ya sassauta.

Rigimar tana wajen goro. Sinadarin kafin da ke cikinsa yakan kai awa 5 rabinsa bai bar jini ba, don haka goron la'asar yana nan daram lokacin kwanciya. Ba za ka raba tsoho da goronsa ba, amma ka lallaɓa shi ya tsaya daga azahar. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, hantsi kuma ya fito ya sha rana.

Masu kukan tafin ƙafa na raɗaɗi kamar an zuba barkono, don Allah kada a tsoma musu ƙafa a ruwan zafi. Jijiyar ta lalace, sai su ƙone ba su ji ba.

Wanda kuwa ke farkawa jiƙe da gumi, gaba na faɗuwa, a gwada shi nan take. In suga ya gaza 70 a ba shi abu mai zaƙi, gobe a kai wa likita labari. Shi ma mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa a kai wa likita labarinsa. Wannan matarsa za a tambaya, shi bai san yana yi ba.