Tafiya a Kan Babur Cikin Marka

A Taba, cikin ƙasar Kudan, akwai wani manomin rake mai babur. Wata rana a watan Agusta, bayan sallar isha'i, aka yi masa waya daga Kano, aka ce ƙanensa yana kwance a Asibitin Murtala, likita kuwa yana neman ɗan'uwa wanda zai ba da jini da safe. Tafiyar ta fi kilomita 100. Ga shi kuma lokacin marka ne, watau tsakiyar damina, sa'ad da ruwa kan wuni ya kwana yana zuba.

Ɗansa, wanda yake aji biyar, ya ce, "Baba, ka tashi yanzu mana, kada ka makara."

Uban ya ce, "A'a, ɗana. Idan na faɗi a hanya cikin duhun nan, marasa lafiya sun zama biyu, ba mai ba wani jini. Ɗauko fitila ka haska mini."

Da fari ya duba taya. Ya nuna wa yaron zanen da ke jikinta, ya ce ta nan ruwa yake bi ya fice. Tayar da ta suɗe ba ta kama kwalta, sai santsi. Sa'an nan ya gwada birki na gaba da na baya, ya ɗaure sarƙa ya ɗiga mata baƙin mai, ya kunna fitila ya gani. Ya cika tanki da fetur. Ya ƙulle fulogi sabo da sifana da famfo da kayan faci cikin leda.

Bayan babur sai jiki. Mutum yana iya cewa sanyin damina bai kai na hunturu ba. Amma jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki, iskar gudu kuma tana ƙara sanyin. In yatsu suka sandare, ba su iya matsa birki da sauri. Saboda haka ya tanadi riguna biyu marasa kauri, domin iskar da ke tsakaninsu tana riƙe ɗumi. Ya haɗa da rigar ruwa da safar hannu da takalmin roba. Matarsa ta naɗe masa busassun tufafi cikin wata leda. Bai manta da hular kwano ba, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa masu babur sakawa a shekarar 2009.

Da asuba ya yi salla, ya sha kunu mai zafi, ya yi addu'a, ya hau. Kafin ya kai kwalta ya tarar da wani rafi ya cika yana ambaliya. Bai shiga ba, ya jira har ruwan ya janye. Da ya ƙetare ya riƙa taɓa birki kaɗan kaɗan har ya bushe. A Kwanar Ɗangora hadari ya taso da tsawa. Bai fake gindin itace ba, gama tsawa takan faɗa wa dogon itace. Ya shiga rumfar mai shayi, ya ɗumama hannuwansa. Ya wuce Kura a hankali, ya isa Kano da hantsi. Ya sake tufafi, aka ɗibi jininsa, ƙanensa kuwa Allah ya ba shi lafiya.

To, yara, kun ga tafiyar nan ba da asuba ta soma ba. Tun da dare ta soma, a gaban fitilar da yaro ya riƙe. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi
1. Me ya hana manomin tashi da dare?
2. Mene ne amfanin zanen taya?
3. Don me bai fake gindin itace ba?