Ɓerayen Shikago da Hantata

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin dare a wata maɗaba'a a Ikko. In gari ya waye na koma gida, da ƙyar nake samun barcin awa uku kafin hayaniyar maƙwabta ta tashe ni. Abincin kirki kuwa sai ƙarfe biyun dare, a teburin mai shayi. Bara likita ya auna jinina, ya ce hantata ta soma nuna gajiya, alhali ban taɓa kai giya bakina ba. Ya ce, "Malam, yaushe kake barci, yaushe kake cin abinci?" Na yi shiru. Shi ne ya ba ni labarin ɓeraye, ni kuwa na bi diddigi.

A shekarar 1983, wani masani mai suna Allan Rechtschaffen na Jami'ar Shikago a Amurka ya bayyana gwajin da ya yi. Ya ɗora ɓera bisa faifai, ƙarƙashinsa ruwa. Da zarar ɓeran ya soma gyangyaɗi sai faifan ya juya, tilas ya tashi ya taka, in ba haka ba ya faɗa ruwa. Ɓerayen da aka hana barci haka suka riƙa ci fiye da kima, amma suna ramewa, fatarsu ta yi gyambo, cikin 'yan makonni suka mutu. Daga baya, a 2005, aka gano cewa rashin barci yakan rage sinadaran da hantar ɓera ke kare kanta da su daga lalacewa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin 2001. Ashe agogon jiki ba ɗaya ba ne. Akwai babba a ƙwaƙwalwa, shi da haske yake tafiya. Hanta kuwa tana da nata, wanda ke bin lokacin cin abinci. Ɓera dai kowa ya san da dare yake yawonsa. To, sai aka riƙa ba su abinci da rana kaɗai. Cikin kwana biyu agogon hantarsu ya gusa da awa goma, na ƙwaƙwalwa kuwa bai motsa ba. Wato gida ɗaya, maigida na cewa dare ne, uwargida na cewa rana ce.

Na san mutum ba ɓera ba ne, kuma likitan kansa bai rantse cewa aikin dare ne kaɗai ya jawo mini ba. Duk da haka, da na karanta wannan sai na ga kaina bisa faifan nan, injin buga takarda na juya ni.

Barin aikin dai ba shi a lissafi, 'ya'yana huɗu suna makaranta. Abin da na iya shi ne na mai da cin abincina bayan magariba, tsakar dare sai ruwa, na kuma rataya baƙin labule a tagar ɗakina. Mai shayinmu har yanzu yana zaton fushi nake yi da shi. Watan gobe zan koma a sake auna jinin.