Nelson Rodríguez, telan sinimar Kuba

Idan fim ya ƙare a gidan sinima, akwai wani dogon jerin sunaye da ke hawa bisa farin ƙyalle daidai lokacin da ƴan kallo suke kokowar neman ƙofa. Ba safai ake tsayawa a karanta su ba. Cikinsu ne, can ƙasa da sunan darakta da na ƴan wasa, ake rubuta na mutumin da ya yi aikin da ake kira montaj, wato yankewa da haɗa fim. A ƙasar Kuba, wajen shekara 40, sunan da ya riƙe wannan gurbi cikin manyan finafinai shi ne Nelson Rodríguez. Duk wanda ya san sinimar wannan tsibiri ya san Tomás Gutiérrez Alea, ya san Humberto Solás. To amma hannu guda ne ya ɗinka finafinan da suka ɗaukaka su su biyun, kuma cikin shekara guda.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda aikin yake a wancan zamani, tun kwamfuta ba ta shigo ba. Ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda ake kallonsa. Ana iya ɗaukar mutuwar mutum yau, a ɗauki aurensa bayan wata guda, kuma fitowa ɗaya a maimaita ta sau biyar ko goma. Abin da ke isowa ɗakin montaj tulin zaren fim ne cikin gwangwanaye, hoto 24 a kowace daƙiƙa, kimanin metir 27 a kowane minti. Mai montaj ya zauna gaban ƴar na'ura mai ƙaramin gilashi, ya kalla, ya sa alama da fensir, ya yanke, ya liƙa. Ɗan kasuwar da ya taɓa kai wa tela turmin shadda mai tsada ya san fargabar da ke tattare da almakashi. Darakta ne ya kawo yadi, amma faɗin riga da tsawonta, da inda aljihu zai zauna, a tebirin tela ake yanke su. Rabin daƙiƙa da aka ƙara wa fuskar mace tana duban ƙofa yana iya mai da jira ya zama tsoro.

An haifi Nelson Rodríguez a shekarar 1938 a Cienfuegos, wani gari na bakin teku a kudancin Kuba. Yana saurayi ɗan shekara 20 juyin juya halin Fidel Castro ya yi nasara, a farkon 1959. Cikin watan Maris na wannan shekara sabuwar gwamnati ta kafa hukumar sinima ta ƙasa, ICAIC, ta ba Alfredo Guevara shugabancinta. An sami hukuma, sai dai ƙwararru sun yi ƙaranci. Samarin da suka saba kallon fim suna tattauna shi a ƙungiyoyinsu na birnin Havana, su ne aka jawo. Nelson ya shiga a 1960, ya fara da hidimar shirye-shiryen ɗaukar fim, daga baya ya koma ɗakin montaj, inda ya goge hannu da gajerun finafinan gaskiya. Babu wata makarantar sinima da ya fito. Ido ne malaminsa. Ga kuma takunkumin Amurka, wanda ya sa zaren fim da kayan gyaran na'ura suka yi wuyar samu, don haka duk metir ɗin da aka ɗauka dukiya ne.

Shekarar 1968 ita ce shekararsa. A cikinta aka fito da «Memorias del subdesarrollo» na Alea, wato tunanin rashin ci gaba, daga littafin Edmundo Desnoes. Labarin Sergio ne, wani mai hali wanda matarsa da iyayensa suka tafi Miyami a 1961, shi kuwa ya zauna, bai bi masu tafiya ba, bai kuma shiga cikin masu juyi ba, sai leƙen gari da madubin hange daga saman bene. A takarda, wannan labari ne na mutumin da ba ya yin kome. Montaj ne ya ba shi rai. An cusa hotunan gaskiya cikin na wasa: shari'ar sojojin hayar da aka kama bayan harin Playa Girón na 1961, hotunan yara masu yunwa, jawabin Kennedy da na Castro a rikicin makamai masu linzami na Oktoban 1962. Rawar da fim ɗin ya buɗe da ita, inda aka harbe wani mutum kiɗa bai ko tsaya ba, ta sake dawowa can gaba, sai a gane ashe Sergio yana wurin. Rigimarsa da matarsa, a rakoda ake fara jin ta, hotonta sai daga baya. A wani wuri ana ta matso da hotonsa yana tafiya bisa titi har siffarsa ta narke ta zama ɗige-ɗige. Babu mai faɗi da baki cewa mutumin nan ya ɓace. Haɗin hotunan ne ya faɗa.

A wannan shekara kuma aka fito da «Lucía» na Solás, wanda lokacin yake ɗan shekara 26. Minti 160, mata uku masu suna ɗaya, zamani uku. Nelson ya yi montaj, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta labarin. Abin lura shi ne kowane kashi da irin numfashinsa. Lucía ta 1895, a yaƙin neman ƴancin kai daga Ispaniya, yankan gaggawa ne kamar zazzaɓi, musamman inda baƙaƙen mahaya tsirara suka auko da adduna. Ta zamanin mulkin kama-karya na Machado, wadda ke faruwa a Cienfuegos, garin haihuwar Nelson, a hankali take tafiya, cikin sanyin baƙin ciki. Ta bayan juyin juya hali kuwa, wadda mijinta ya kulle ta cikin ɗaki, ya kafe tagogi da ƙusa don kishi, har ya so hana ta koyon karatu, da raha da waƙa aka ja ta. Fim ɗin ya ci lambar zinariya a bikin Mosko na 1969. Wanda ya kalli «Memorias» da «Lucía» a jere da wuya ya yarda mutum ɗaya ne ya yanke su, kuma wannan shi ne babban yabon da za a yi wa mai wannan sana'a, shi ne kuma dalilin da ya sa ake mance shi. Ma'aikacin da ya kwana yana rubuta dosiye, minista ya zo da safe ya sa hannu, ya san irin wannan matsayi.

Daga nan aiki bai yanke ba. A 1969 ya haɗa «La primera carga al machete» na Manuel Octavio Gómez, wanda aka yi shi kamar a ce akwai ƴan jarida da kamara a fagen yaƙin 1868. A 1976 ya haɗa «La última cena» na Alea, labarin wani mai gonar rake da ya wanke ƙafafun bayinsa 12 a makon Ista, ya zauna cin abinci da su, kafin mako ya fita ya sa a fille kawunansu saboda sun yi tawaye. Ɗaya ne kawai ya tsira. Tsakiyar fim ɗin doguwar liyafa ce a tebir guda. A nan babu dawakai, babu titi, sai fuskoki. Wa za a nuna sa'ad da ubangida ke wa'azin haƙuri, mai magana ko bawan da ke sauraro yana tauna? Amsar tana hannun mai almakashi, kuma sau da yawa bawan ya zaɓa.

Shekarun ba su kasance masu sauƙi ba. «Un día de noviembre», wanda suka yi da Solás a 1972, hukuma ta ajiye shi har 1978, a zamanin da aka matsa wa masu fasaha. «Cecilia» na 1982, mai tsawo da tsada, ya je gasar Cannes a Faransa, amma a gida ya jawo ce-ce-ku-ce, har Alfredo Guevara ya bar shugabancin ICAIC. A 1983 Nelson ya matsa kusa da kujerar darakta: shi ya rubuta «Amada» daga littafin Miguel de Carrión, suka ja ragamar ɗaukarsa tare da Solás. Ƙaramin fim ne na cikin gida, labarin matar aure da ta ƙare cikin ƙunci a Havana ta 1914. Yau ma akasari da sunan Solás ake ambatonsa. Shi kuwa Nelson ya koma tebirinsa.

Ƙasashen waje sun gane darajarsa. Miguel Littín na Chili ya nemi hannunsa, haka Jorge Alí Triana na Kolombiya a «Tiempo de morir» na 1985, haka María Novaro ta Meziko a «Danzón» na 1991. Da aka buɗe makarantar sinima ta San Antonio de los Baños a 1986, wadda Gabriel García Márquez yake cikin masu kafa ta domin ɗaliban Latin Amurka da Afirka da Asiya, Nelson ya zama malamin montaj a can, ya kwashe shekaru yana koyar da abin da shi babu makarantar da ta koya masa. Kyautar sinima ta ƙasar Kuba ta same shi a 2007, yana dab da shekara 70. A gaskiya ta makara.

Alea ya rasu a 1996, Solás a 2008. An gyara tsohon zaren «Memorias» aka sake nuna shi a Cannes a 2016, «Lucía» kuma a 2017, hoto bayan hoto yadda ya jera su. Nelson Rodríguez ya rasu cikin watan Fabrairu na 2020, yana da shekara 81, a Miyami.