Arha Ba Ta Ado: Darasin da Gwiwata Ta Koya Mini

Kullum bayan sallar asuba nakan fita gudu a gefen kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga zuwa gonakin Kura da Bunkure. Ruwan madatsar, wadda aka kammala a 1974, shi ke raya shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa. Ni kuwa hanyar da ke gefensa ce filin atisayena. Ƙasa ce mai tauri, ga tsakuwa, ga turɓaya idan hunturu ya kama. Da farko masu ban-ruwa kan dakata da fartanya su tambaye ni wa ya koro ni. Yanzu sun saba, sai dai su ɗago hannu.

Bara na ƙudurta shiga gudun yada ƙanin wani na Legas, mai nisan kilomita 42 da ɗoriya, wanda ake yi a watan Fabrairu. Albashin malamin makaranta ba ya ɗaukar sabon takalmin gudu, don haka na shiga birni wurin 'yan gwanjo. Nan idona ya faɗa kan wani kambas mai ƙyalli, ƙasansa da kauri, ga shi sakayau a hannu. Mai kayan ya ce, "Malam, irin na Kipchoge ne, rabonka ne ya kawo ka." Jin sunan mutumin da ya gama wannan nisa cikin ƙasa da awa biyu a 2019 ya sa ban ko yi dogon ciniki ba.

Mako uku da fara sa shi, gwiwata ta dama ta soma zogi, har ta kai ina yin salla a zaune. Na kai takalmin wurin wani dattijo shumeka. Ya danna ƙasansa da babban yatsa, ya ajiye shi a kan benci, sai ga shi ya karkace gefe guda. Ya ce, "Ɗana, wani ya riga ya cinye ran wannan, gawarsa aka sayar maka." Ranar tseren ina gida da gwiwa a ɗaure.

Jinyar ce ta sa na zauna na yi bincike. Ashe ba da shekaru ake auna rayuwar takalmin gudu ba, da tafiya ake aunawa: masana kan ce tsakanin kilomita 500 zuwa 800 soson da ke ƙasansa yake mutuwa. Sabulu na iya dawo da hasken sama, amma ba ya tayar da soso. Haka kuma takalmin tsere daban, na atisaye daban. Na tsere, wanda dokar 2020 ta taƙaita kaurinsa ga milimita 40, don kwalta aka yi shi, kuma saurin gajiya gare shi. Tsakuwar kanal tana buƙatar mai ƙwari, ko da ya ɗan fi nauyi.

Ban daina neman arha ba, salo na sake. A Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, nakan je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da nake gudu da ita. Ina danna soson in ga ko zai taso, in duba tamojin gefensa da cinyewar diddige, in bar faɗin babban yatsa a gaban yatsuna. Mafi alheri kuwa shi ne sabo wanda yayinsa ya wuce aka karya masa kuɗi.

Abebe Bikila na Habasha ya lashe tseren Rum a 1960 ba takalmi, ya sake lashewa a Tokiyo a 1964 da takalmi. Ke nan ƙafa ce ke gudu. Aikin takalmi kawai ya kare ta.

Ina rubuta wannan ne saboda matasan da nake haɗuwa da su a bakin kanal, masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, waɗanda kuɗin kwadagon dashen shinkafa suke tarawa su sayi kambas. Ƙannena, kada ƙyalli ya ruɗe ku. Takalmi in ya mutu akwai wani a kasuwa, gwiwa kuwa ba a kawo ta a dila. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.