Yadda fulawar ƙofar gidanmu ta koma cikin kasko

Ka san fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, wata ja wata ruwan hoda? Bugenbiliya sunanta, asalinta daga Kudancin Amurka. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya shuka ɗaya a ƙofar gida. Da aka zo rabon gado aka sayar da gidan, wanda ya saya ya ce sare ta zai yi. Ni kuwa ɗaki ɗaya nake haya, ina zan kai ta?

A YouTube na ga abin da Japanawa ke kira bonsai: bishiya ce ta gaske, amma ana tsare ta a ƙaramin kasko, ana rage mata rassa da saiwa, har ta tsufa ba ta yi tsawo ba. Na ce bari in gwada.

Rassa 6 na yanko, kaurin fensir, tsawon kamu ɗaya. Kar ka ɗauki ɗanye shataf, nemi wanda ya fara ƙwari. Na zage ganyen na bar bibbiyu a sama, na soke su a yashi mai ɗan taki, na kifa musu rabin gorar ruwa a inuwa. Huɗu sun ruɓe, kuma laifina ne, safe da yamma nake ta bulbula musu ruwa. Biyu suka tsiro bayan kusan sati 7.

Wajen lanƙwasa reshe na fi shan wuya. Waya ake naɗa masa, ta alminiyam ko jan ƙarfe. In jan ƙarfe ne ka fara gasa shi a wuta ya yi laushi. Reshen fulawar nan da ya ƙosa ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake. Ni da kullum nake yi wa yaron shagona faɗa kan fizgar fleks ɗin sikirin, ni ne na danna da ƙarfi na ji ƙas! Wannan ba ta tashi ba, saura ɗaya. Ka lanƙwasa tun yana sabo, kaɗan-kaɗan, kuma ka riƙa dubawa, don da reshen ya yi kauri wayar za ta nutse ta bar masa tabo.

Sai kuma ta ƙi fure, ganye kawai. Ashe gata na yi mata da yawa. Rana take so sosai, kuma sai ƙasar ta bushe za ka ba ta ruwa. Af, jan abin nan ma ba shi ne furen ba fa, wani irin ganye ne. Furen shi ne ɗan farin nan na tsakiya.

Da rani ta yi ja. Na ɗauka na kai wa Umma ta gani. Ta daɗe tana kallo, can ta ce, “Bar min ita nan.” Yanzu duk Juma'a bayan masallaci nake biyawa in duba waya, ta jikin reshen nake nufi.