Tsoffin Kaset Ɗinmu, Kafin Fumfuna Ta Gama Da Su



Akwai wata al'ada ta makaɗan Turai da ta daɗe tana ba mu sha'awa, duk da cewa kiɗan nasu kunnenmu bai cika ɗaukarsa ba. Idan ƙungiyar makaɗa ta watse ko ta yi sanyi, bayan shekara ashirin ko talatin sai ka ji ta sake haɗuwa ta fitar da sabon faifai. Kamfani kuma sai ya shiga ɗakin ajiya ya ɗauko asalin tef ɗin tsoffin waƙoƙinta, ya ba ƙwararru su wanke sautin, a sake bugawa a sayar. Ga ƙungiyar Helloween ta birnin Hambog a Jamus, masu kiɗan jita mai ƙara da gudu, irin wanda suke kira kiɗan ƙarfe. An kafa ta a 1984. Biyu daga cikin jigoginta, Kai Hansen da Michael Kiske, sun bar ta tun tuni, daga baya suka dawo, kuma faifan da suka fitar tare a 2021 ya zo na ɗaya a cinikin faifai a Jamus. Faya-fayansu na shekarun 1980 ma an sha gyara sautinsu ana sake fitarwa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa a can. Ranar da aka ɗauki waƙar, wani ya saka tef ɗin a kwali, ya rubuta kwanan wata da sunan kowane makaɗi a jiki, ya ajiye a ɗaki mai sanyi. Da babu wannan kwalin, babu abin da za a wanke.

Mu ma an taɓa yi wa namu irin wannan gata, sai dai ba mu muka yi ba. Manya daga cikinmu sun san Bala Miller, mutumin Zariya, wanda ya riƙe Kaduna da ƙungiyarsa ta Pirameeds, da ƙahonni da jita da ganguna, yana waƙa da Hausa. Duk wanda gidansu ko gidan maƙwabta ke da talabijin a shekarun 1980 zai tuna shirinsa na NTA. A 2001 wani kamfani a Landan mai suna Strut ya tattara kiɗan Najeriya na shekarun 1970, ya gyara sautin, ya fitar da sunan Nigeria 70. A ciki har da "Ikon Allah" ta Bala Miller, har da kiɗan Sahara All Stars na Jos ɗin nan da ke bayan dutse. Bala Miller ya rasu a 2003. Yau saurayi a Faransa ko Japan yana iya jin waƙarsa tas, kamar jiya aka ɗauke ta. A Kafanchan kuwa ka tare matasa goma a bakin tasha ka tambaye su wane ne Bala Miller, ka ga nawa za su amsa.

Labarin Mamman Sani na Nijar ya fi wannan ban mamaki. A 1978 ya shiga sitidiyon gidan rediyon ƙasar a Yamai da ogan ɗinsa mai lantarki, ya kaɗa, aka ɗauka. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga, maganar ta mutu. Shekara da shekaru gidajen rediyo da talabijin na Nijar suna saka kiɗansa tsakanin shiri da shiri, mutane sun haddace shi ba su san mai shi ba. Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikin kaset ɗin a Yamai, ya nemi mutumin ya same shi da ransa. A 2013 kamfaninsa na Sahel Sounds ya sake fitar da kiɗan a faifai, kuma dattijon ya koma fage, har Turai aka gayyace shi ya yi wasa. Kaset ɗaya da Allah ya tsare ne ya dawo da shi. Da ruwa ya taɓa wannan kaset ɗin, shi ke nan.

To mu koma gida. Kafanchan garin jirgin ƙasa ne. Tun da layin dogo ya haɗu a nan a 1927, wanda ya taso daga Fatakwal, da mai zuwa Kaduna, da mai hawa Jos, duk abin da ake ji a ƙasar nan sai ya biyo ta garin. Iyayenmu ma'aikatan reluwe da fatake sun shigo da garmaho da faya-fayansa, daga baya rediyo mai kaset. A gida ɗaya za ka tarar da Shata da Ɗan Maraya da Ɗanƙwairo da Barmani Choge, ga kuma hailaif na maƙwabta mutanen kudu. Waɗannan fitattu ne, ko mun yi sakaci akwai inda za a same su, ko da da ƙyar. Damuwarmu ta fi ƙarfi a kan waɗanda babu kamfanin da ya taɓa ɗaukar muryarsu: mai kalangun mahauta da ke kiɗa a bikin unguwa, zabiyar da ke raka amarya, mai kukuma da ke sauka ranar kasuwa, masu algaita da tambari ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Jama'a. Wani ya riƙe rediyo a hammata ya danna jan maɓalli. Wannan kaset ɗin shi kaɗai ne a duniya, kuma yana cikin wani kwali a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Kafanchan ko Jagindi ko Zonkwa.

Da yawa ma sun riga sun tafi. Ba ma son tono abin da ya wuce, amma kowa ya san gidajen da wuta ta ci a 1987, da kasuwar da ta ƙone a 2011. A irin wannan rana mutum ransa da 'ya'yansa yake ta kai, wa zai tuna da kwalin kaset? Waɗanda suka tsira daga wuta kuma damina tana cin su a hankali. Ƙasarmu ba Kano ba ce ko Katsina. Ruwa a nan yana fara sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, ɗaki ya yi ta laima wata shida. Zaren kaset leda ce aka shafa mata wani gari mai kama da tsatsa, a jikin garin nan sauti yake zaune. Laima tana sa fumfuna ta fito fari-fari a gefen zaren, zafi kuma yana sa shi ya manne da juna. Ranar da aka ce bari a tuna baya aka jefa shi cikin tsohon rediyo, sai ya cinye zaren ko ya kankare garin, muryar ta tafi ke nan har abada.

Da muka kawo maganar a taron ƙungiya na watan jiya, wani matashi daga cikinmu ya ce ai duk wannan wahala ce, masu turi a kasuwa suna da komai, ka ba da ɗari biyu a cika maka memori da Shata. Gaskiya ne suna da shi, kuma ba mu raina sana'arsu ba. Amma mu saurari abin da suke tura mana da kunnen basira. Akasarinsa kwafin kwafin kwafi ne. An ɗauka daga rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, sau biyar ko goma, kowane ɗauka yana rage wani abu yana ƙara shuu. In batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, zaren yana tafiya a hankali, idan aka zo saurare da lafiyayyen rediyo sai waƙar ta yi gudu, murya ta sirance. Akwai yaran da suka girma suna zaton haka muryar Shata take, siririya mai sauri. Sannan aka matse waƙar don ta shiga waya, aka yanke farko da ƙarshe, wani ma ya ɗora tallan shagonsa a tsakiyar amshi. Mun taɓa karɓar wata waƙa da sunan wani mawaƙi, wani dattijo tsohon direban jirgi da ke zaune tare da mu ya saurara bai fi minti ɗaya ba ya ce wannan ba shi ba ne, yaronsa ne, kuma ya faɗi gidan bikin da aka yi ta. Idan irin wannan dattijo ya kau, ƙaryar da ke jikin memori ita za ta zama tarihi.

Sai dai wankin sauti shi ma yana da nasa haɗari, kuma a nan ne muka fi daɗewa muna muhawara. Yanzu akwai manhajoji a waya da kwamfuta da ke cire shuu da ƙugi cikin minti biyu. Mun gwada ɗaya a kan kwafin wani kaset na kiɗan kalangu. Shuu ɗin ya tafi sarai. Amma kaifin gula a kan fata shi ma ya tafi, kalangun ya koma kamar ana buga katifa. Guɗar mata da ke can baya, da muryar maroƙi yana kiran sunan wanda ya yi kari, manhajar ta ɗauke su a matsayin hayaniya ta share. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Alhali a wurinmu wannan hayaniyar ita ce rabin dukiyar. Wata baiwar Allah a cikinmu ta ji sunan mahaifinta a bakin maroƙi a wani kaset na 1982, mutumin da ko hotonsa ba ta da shi. Ita ba ruwanta da ko kalangun ya fito tas.

Su kansu Turawan suna wannan rigima. Sau da yawa idan aka sake fitar da tsohon faifai, masoyansa sukan yi ƙorafin an ƙara masa ƙara fiye da kima har ganga da jita sun cakuɗe, su koma neman bugun farko. Ƙwararrun da suka san aikinsu ƙa'ida ɗaya suke bi: a fara kwafe tef ɗin yadda yake, da shuu ɗinsa da tarinsa, ba tare da an matse ba, a adana wannan a matsayin uwa. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a kan kwafi. Awa ɗaya ta irin wannan ɗauka tana cin sama da megabait 600, wanda a yau ba wani abu ba ne.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta ba mawaƙi da magadansa haƙƙin waƙarsa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, Ɗan Maraya Jos kuma a Yunin 2015. Ke nan waƙoƙinsu suna da masu su, kuma za su daɗe da masu su. Don kaset yana ɗakinka ba shi ne ya ba ka ikon ɗora shi a YouTube kana karɓar kuɗi ba. Tun kafin dokar gwamnati ma mun san hukuncin cin haƙƙin marayu. Saboda haka ƙungiya ba za ta sayar da komai ba, ba kuma za ta saka waƙar kowa a intanet ba sai da yardar iyalinsa. Ƙananan makaɗan garin nan da yawa jikokinsu suna nan tare da mu, wasu ba su taɓa jin muryar kakansu ba. Su ya kamata su fara ji.

Wasu daga cikin malamanmu sun nuna rashin jin daɗi, suka ce kuɗin ƙungiya na marayu ne da marasa lafiya, bai dace a kashe shi a kan kiɗa ba. Mun ji, kuma mun girmama wannan magana. Shi ya sa aka amince ba za a taɓa asusun taimako ba, masu sha'awa ne za su yi karo-karo. Amma muna roƙon malamai su leƙa kwalayen nan tare da mu. A kwali na farko da aka kawo, kaset 43 ne, waƙa ba ta kai rabi ba. Sauran tafsirin azumi ne na malaman garin nan da suka riga mu gidan gaskiya, da karatun saukar Alƙur'ani, da naɗin wani mai unguwa. Akwai kuma kaset ɗin saƙo guda biyu, irin wanda mutum yake ɗaukar muryarsa daga Makka ko Legas ya aiko wa iyalinsa, yana gaida kowa da sunansa ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da bai gani ba. Fumfuna ba ta bambanta wa'azi da kalangu.

Ga abin da muke roƙo. Duk mai tsohon kaset ko faifan garmaho, kada ya saka shi a rediyo don gwadawa, kada ya shanya shi a rana, kada ya goge shi da kananzir ko ruwa. A cire shi daga ƙasa, a jera shi a tsaye a wuri busasshe. A zauna da tsofaffin gida a tambaye su wane ne a ciki, a ina aka ɗauka, wace shekara, bikin wa, a rubuta a takarda a ɗaure da roba a jikin kaset ɗin, ko da abin da aka tuna bai wuce "shekarar da aka yi fari" ba. Iyaye mata sun fi mu riƙe irin wannan, a fara da su.

Mun samu aron na'urar kaset mai lafiya daga wani ɗan uwa da ya taɓa aikin ɗaukar biki, matasa biyu kuma sun karɓi aikin kwafewa. Za a riƙa karɓa kowace Asabar bayan La'asar a inda muke taro. Kowane kaset za a ba shi lamba, a rubuta sunan mai shi a littafi, a mayar masa da abinsa tare da kwafi. Uwar za a ajiye ta wuri biyu, ɗaya a nan Kafanchan, ɗaya a hannun 'yan uwanmu da ke Kaduna. Masu fumfuna a jiki a kawo su a leda daban, kada su haɗu da sauran.