Muryar Ɗanzomo da Igiyar da Ba a Gani

Duk ɗan jaridar da ke ɗaukar hira ta waya ya san hukuncin nan na edita: "Muryar ba ta fita, a nemo wani." Wanin kuwa galibi mutumin birni ne. Haka manomin riɗi na Ɗanzomo, ko dillalin shanu na kasuwar Alhamis ta Maigatari, yake fita daga labarin da ya shafe shi, a ɗora wa sabis laifi. Shekarun da na yi ina tace sauti sun nuna mini cewa sau da yawa ɓarnar a cikin kwamfuta take.

Domin murya ta fito daga WhatsApp ta shiga manhajar ɗauka irin Audacity, mukan sa wata manhaja a tsakani, kamar VB-Cable a Windows ko BlackHole a Mac. Igiya ce da ba a gani. Lambobi take karɓa ta miƙa, domin kwamfuta tana auna igiyar sauti sau dubbai a daƙiƙa. A nan ake samun ciwo iri uku, kowanne da kukansa.

Na farko saɓanin ƙirga ne. Wani ɓangare na auna sau 44,100 a daƙiƙa, wani sau 48,000. Idan aka karanta na farkon da mudun na biyu, magana za ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, muryar dattijo ta sirance. Magani shi ne a daidaita adadin a kowace mahaɗa.

Na biyu yunwar rumbu ce. Igiyar takan tara lambobi a ɗan rumbu kafin ta miƙa. Lambobi 480 a ma'aunin 48,000 kashi ɗaya ne cikin ɗari na daƙiƙa. Idan kwamfuta ta makara wajen cika shi, sai a ji ƙas-ƙas da ɗan gibi. A harshen da tsawon wasali kaɗai ke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, gibin da ya yawaita ba ƙaramar asara ba ce. A faɗaɗa rumbun, a rufe manhajojin da ba a buƙata.

Na uku ya fi muni: ambaliya. A ma'aunin bit 16, lambar ƙoli ita ce 32,767. Sautin da ya zarce ta sai a aske masa kai, ya koma gurnani, kuma abin da aka aske ba ya dawowa yadda yake. A rage ƙarfin tun daga tushe.

Shi ya sa kafin kowace hira nakan ɗauki gwaji na daƙiƙa talatin in saurara. Mutumin da ya bar aikin gonarsa ya nemi inda sabis yake don ya yi magana ya sauke nasa nauyin. Sauran yana kanmu.